Yadda Malam Iro Ya Nemo Kakan Suga

Duk wanda ya zauna da Malam Iro na Kusada, ko da na yini guda ne, ya san tambayarsa. Da ka jefa wata kalmar Turanci cikin zance sai ya ɗaga hannu kamar mai tsai da mota, ya turo hula gaban goshi, ya ce, "Dakata. Wannan ɗiyar gidan wa ce?" Ba fassara yake nema ba. Fassara ko ni ina iya ba shi, ni da na yi aji biyu da ɗan gefen na uku a elementare ta Kankia, kafin makaranta ta ga ta koya mani abin da ya ishe ni ta sallame ni. Shi asali yake bi: wa ya haifi kalmar, a wane gari, ta wace hanya ta biyo har ta iso bakinka. Yakan ce mutum ba ya ba da ɗiyarsa ga wanda bai san gidansu ba, to don me zai bar baƙuwar kalma ta kwana a bakin da yake karatun Alƙur'ani da shi, ba a san uwarta ba, ba a san ubanta ba.

Ku jikokinsa da kuka matsa mani in rubuta wannan, kun san shi ne bayan haƙora sun yi mashi tawaye, yana zaune kan buzu yana raba maku alewa. Ni na san shi tun yana da ƙarfin gardamar yini guda ba ruwa. Sunana Sallau, uwata ƙanwar ubansa ce, wato ni taubashinsa ne, kuma al'ada ta ba ni izinin in tsokane shi a raye. Ban ji inda aka ce izinin ya ƙare da mutuwa ba.

A ƙuruciyarsa ya taɓa zama muhuti gaban wani alƙali, yana taya shi duba littattafai da tambayar shaidu. Bai daɗe ba. An kawo ƙarar akuya guda, shi kuwa ya ce ba za a yanke hukunci ba sai an san uwar akuyar da wanda ya sayar da uwar. Kafin a gama bincike akuya ta haihu, shari'a ta koma ta akuya uku. Alƙali ya yi mashi godiya, ya ce gona tana bukatarsa. Ya komo Kusada da noma, amma kotun ba ta fita daga kansa ba. Da ya rasa mutanen da zai yi wa shari'a, sai ya koma kan kalmomi.

Lokacin kuwa zamanin Turawa ne, kalmominsu na ta kwararowa ta hanyar motar da ta ratsa Kankia. Wata ranar kasuwa matarsa Hajo ta sa aka sawo mata bokiti, sabo fil, yana ƙyalli. Tana murna ta ce, "Malam, ka ga bokitina?"

"Me kika ce sunansa?"

"Bokiti."

"A aje shi a zaure."

A zaure ya yi damina guda. Hajo na ɗibar ruwa da tulu, bokiti na zaune tare da baƙi kamar wanda ya zo neman aure. Aka aiko a kira ni a matsayin masanin Turanci na dangi. Na gyara murya na ce daga Ingila yake. Ya ce, "Ingila gari ne, Sallau. Ni uba na tambaye ka." Da kaka ta yi, ya ga ba wanda zai fito ya ce nasa ne, sai ya yanke hukunci: bokiti agola ne. Turawa suka shigo da shi, a ci da shi a gida, amma ba shi da gado. Ya ɗebo ruwan wanki, kada ya kusanci ruwan alwala. Hajo ta ɗauki abinta tana cewa, "Allah dai ya sa kada Turawan nan su ƙera tukunya, mu kwana da yunwa."

Wannan duk share fage ne. Babbar shari'ar ita ce ta suga, kuma ni ne abokin ƙara.

Malam Iro yana da rauni guda, shi ne zaƙi. Mutum ne mai tsimi, riga guda sai ta yi mashi Sallah uku, amma in ya ga abu mai zaƙi hankalinsa tashi yake. Tun muna yara mun san sukari, irin wanda fatake ke kawowa daga arewa, dunƙule mai tsini a naɗe cikin takarda, sai an sa guduma an fasa. Ba kowa ke samunsa ba. Sai ga kantunan bakin hanya sun fara kawo wani fari tas, an yanka shi ƙwaya ƙwaya an jera a kwali. Ni a lokacin ina riƙe da sikeli a wani kantin sayen gyaɗa a Kankia, don haka ina cikin waɗanda suka fara ganinsa. Na ɗauko kwali guda na kai mashi tsaraba. Zaurensa cike da mutane bayan la'asar.

Ya buɗe, fuskarsa ta washe. Ya ɗauki ƙwaya guda ya ce, "Madalla da sukari. Yau taubashi ya yi abin kirki, a duba ko lafiya."

Na ce, "Ba sukari ba ne, Malam. Suga ne. Na Turawa."

Hannun ya tsaya a hanya. Ya dubi ƙwayar, ya dube ni. Sai ya shiga juya sunayen biyu a baki a hankali, sukari, suga, sukari, suga, kamar mai gwada takalma.

"Sallau, ba ka ga kama ba? Dubi goshinsu mana. Waɗannan biyu ubansu ɗaya, kuma Balarabe ne. Sukkar yana nan cikin littattafanmu tun kafin kakan kakanka ya iya ɗaura wando. Na Larabawa ne tun fil azal, Turawa ɗauka suka yi suka yanke mashi wutsiya."

Na miƙe zaune sosai, don a san aji biyu ba wasa ba ne. Na ce, "Haba Malam. Mutumin da ya ƙera jirgin ƙasa, shi ne zai rasa sunan da zai sa wa abinsa, har ya je aro wurin mai raƙumi?"

Zaure ya kwashe da dariya, kuma ba ni ake yi wa ba. Malam Iro yana iya jure yunwa, yana iya jure fari, amma ba ya jure a yi mashi dariya a zaurensa. Ya mai da ƙwayar cikin kwali, ya daidaita ta a gurbinta, ya rufe. Ya ce, "Ku shaida. Wallahi abin nan, da sunansa na Turawa da na Larabawa, ba ya ƙara shiga bakina sai na san ubansa da kakansa."

Dariya ta ɗauke. Kowa ya san rantsuwa ba abin wasa ba ce, balle a bakin wanda ya zauna kotu.

Da fari mun ɗauka kwana kaɗan ne. Na kawo mashi mazarƙwaila don in rage mashi zafi, ya ce ita ma daga rake take, 'yar uwar wanda ake tuhuma ce, ba ta shiga. Zuma kaɗai ya yarda da ita, don an ambace ta a Littafi, asalinta ba ya bukatar shaida. To zuma kuwa sai an dace. Da azumi ya zo, Hajo ta dama kunun tsamiya, kowa ya jefa ƙwayarsa, shi ya sha nasa tsura. In ya kurɓa sai fuskar ta tattare wuri guda kamar bakin jaka. Ni kuwa kullum a gidansa nake buɗe baki, don zumunci. Ina zama daf da shi in jefa biyu, in motsa da ludayi a hankali yadda zai ji ƙarar narkewarsu. Yanzu da likita ya hana ni suga na gane Allah ba ya manta irin wannan zumunci.

Liman ya same shi ya ce, "Malam Iro, addini da sauƙi. Ka ciyar da miskinai goma, ka warware, ka sha kununka."

Ya ce, "Allah gafarta Malam, kaffara ta wanda ya gaji ce. Ni yanzu na buɗe shari'a."

Ana nan sai aka ji Di'o, Baturen mulki, ya fito rangadi, ya sauka a barikin Kankia yana sauraron koke. Malam Iro ya sa rigarsa ta Sallah, ya hau jaki, ya biyo ta kanti ya ɗauke ni, wai ni ne tafinta kuma ni ne abokin ƙara, in ji da kunnena. Muka zauna cikin masu rikicin gona da masu kukan haraji. Da layi ya zo kanmu na miƙe na zuba wa Bature gaisuwar safe da Turanci, rana kuwa ta riga ta karkata. Ya dube ni da tausayi, ya amsa da Hausa, irin tasu ta littafi mai sitaci, ya ce, "Sannunku da zuwa. Mene ne matsalarku?" Aikina na tafinta ya ƙare a nan.

Malam Iro ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Wata kalma taku nake tuhuma."

Dogarai suka dubi juna. Ɗaya har ya matso zai fitar da mu. Bature ya ɗaga hannu. Saurayi ne dogo, rana ta gasa mashi hanci, kuma ga alama ya gaji da shari'ar iyakar gona, don da ya ji bayanin sai ya aje alƙalami ya jawo kujera gaba. Ya ce a makarantar da ya yi a ƙasarsu akwai malaman da ba su da aiki sai wannan, bin asalin kalmomi. Malam Iro ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ka ji ko? Can albashi ake ba su. Nan dariya."

Bature ya ce su mutanen Ingila ba su ne suka raɗa sunan ba. Daga Faransawa suka karɓa. Faransawa kuma daga mutanen Italiya, masu jiragen ruwa da ke fatauci da Larabawa. Su kuwa daga bakin Larabawa suka ji, sukkar, kowa ya karɓa ya lanƙwasa shi yadda harshensa ya iya.

Malam Iro ya ce, "Ranka ya daɗe, ka amsa da bakinka cewa aro kuka yi?"

"Na amsa."

"Ba wanda ya tilasta ka?"

Bature ya yi dariya ya ce ba wanda ya tilasta shi.

"To wanda ya yi iƙirari ba a nema mashi shaida. Sallau, mai jirgin ƙasa ya je aro wurin mai raƙumi. Sai ka faɗa wa mutanen zaure da bakinka."

Ni dai na san an kada ni. Akwai ƙwayoyin suga a aljihuna, don ma'aikacin kanti ba ya rabuwa da su. Na ciro guda na miƙa mashi hannu biyu, gaban Bature da dogarai. Ya karɓa, idonsa har ya kawo ruwa. Ya yi bisimilla. Ƙwaya ta kusa leɓe, sai Baturen nan, don son a san ya yi karatu, ya ƙara da cewa, "Amma fa Larabawan ma an ce aro suka yi, daga wasu mutane can gabas. Na manta ko su wane ne."

Hannun ya sauko a hankali. Malam Iro ya daɗe yana kallon Bature. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, da ka bari na haɗiye."

A hanya na ce mashi ai ya ci shari'a, ya sha abinsa. Ya ce uba aka samu, shi kuwa da kaka ya rantse. A ransa dai har yanzu na Larabawa ne tun asali, bai janye ba, amma tunda an jefa shakka, sai an kore ta.

Bayan an sayar da gyaɗa ya hau lori zuwa Kano, karo na farko da ya yarda ya shiga cikin abin da yake kira ɗan tasha marar asali. Ya sami wani Kwara, Balarabe mai kantin yadi, ya tambaye shi. Kwaran ya buga tebur ya ce sukkar nasu ne tun daga Annabi Adamu, Larabawa ba sa aro, su ake ara wa. Wannan ita ce maganar da Malam Iro yake so ya ji, kuma da ni ne da na sha kunu a nan take. Shi kuwa ya komo ya ce bai karɓa ba. Mutumin yana da rabo a cikin gadon, shaidarsa ba ta tsayawa. Tun daga ranar na fara jin tsoronsa. Mutumin da zai ƙi shaidar da ta goyi bayansa, bakinsa na ɗaci, ba irinmu ba ne.

Sai yaƙi ya zo, wanda muke kira yaƙin Bama. Aka ce kowace ƙasa ta ba da samari. Cikin waɗanda aka ɗauka a Kusada har da Habu, babban ɗansa, wato mahaifin wasunku. Ranar tafiya muka raka su Kankia inda lori ke jira. Iyaye na ta ɗaura wa 'ya'yansu layu, wasu na cusa masu ƙuli-ƙuli a aljihu. Hajo ta yi kuka har murya ta dushe. Malam Iro ya ja Habu gefe, muka matsa don mu ji irin addu'ar da zai ba shi.

Ya ce, "An ce gabas za a kai ku. Duk ƙasar da ka sauka, ka shiga kasuwa ka tambayi abin da suke kiran sukari. Ka nemi tsoho, kada ka tambayi yaro. Ka riƙe da kyau, ka kawo mani."

Habu ya ce, "To, Baba."

Hajo ta yi kansa. "Ɗanka za shi bakin bindiga, kai suga ne a gabanka?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hajo, aikensa na yi. Tunda na haifi yaron nan ban taɓa aikensa ya ƙi komowa da amsa ba."

Lori ya tashi. Bai ɗaga hannu ba, bai kuma bar wurin ba sai da ƙurar ta kwanta.

Shekarun da suka biyo baya ba na dariya ba ne, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina. Da farko akan ji labarin Habu ta bakin masu komowa hutu, daga baya da aka tsallaka da su teku sai shiru. Suga ma ya yi wuya a kanti, har na sami abin tsokana, na ce mashi yanzu duk ƙasar ta shiga rantsuwarsa. Ya yi murmushi kaɗan, bai rama ba. Taubashin da ba ya ramawa, ka san akwai abin da ke cinsa.

Yaƙi ya ƙare. Samari suka fara komowa ƙungiya ƙungiya, da manyan takalma da akwatunan ƙarfe. Wasu gidaje aka yi guɗa, wasu aka yi zaman makoki. Habu ba ya cikin waɗannan, ba ya cikin waɗancan. Wani ya ce ya gan shi an ɗauke shi a makara da zazzaɓi, bai san ƙarshe ba. Malam Iro ya rame, rigar Sallah ta koma kamar ta aro. Kowace ranar kasuwa yana Kankia bakin hanya, wai ya zo duba farashin dawa.

Liman ya sake zuwa, wannan karon da ni, don Hajo ce ta roƙe mu. Ya ce, "Malam Iro, jikinka ya yi rauni, ba ka cin abinci. Ka yi kaffarar nan ka sha abin da ranka ke so. Allah ba ya son ka wahalar da kanka."

Malam Iro ya girgiza kai. Sannan ya ce, "In na sha, na ce ke nan ba na jiran ɗan aike. To ina jiransa."

Liman ya yi sallama ya tafi. Ni kuwa daga ranar na daina jefa suga a kunu a gabansa. Ba wai tausayi ba, kada ku ɗauke ni mutumin kirki. Tsokanar ce ta daina daɗi.

Sai da aka yi girbi aka kai dawa rumbu, wata ranar da hantsi, ina zaurensa muna ɓarar gyaɗa, muka ji hayaniya daga bakin gari. Mutum biyu ne tafe cikin kakin soja, jama'a na biye. Ɗaya Kofur Tanko ne, mutumin garin Ƙofa. Ɗayan yana dogara sanda, ya rame har sai da ya yi sallama muka gane muryar Habu ce. Ashe asibitin soja suka kwanta tare a ƙasar Indiya, aka riƙe su sai jirgin ƙarshe.

Hajo ta fito ba mayafi. Mata suka cika gida da guɗa. Malam Iro kuwa bai tashi daga buzunsa ba. Ina kusa da shi, na ga gyaɗar da ke hannunsa tana zuba ƙasa bai sani ba. Habu ya durƙusa da ƙyar ya gaishe shi. Ya amsa kamar wanda ya komo daga ƙauyen Fakuwa nan kusa jiya. Sannan ya ce, "Saƙona fa?"

Habu ya ce, "Shakkar, Baba. Haka suke ce mashi a Indiya."

"Wa ya faɗa maka?"

"Kowa a kasuwa. Amma ka ce in nemi tsoho. Akwai wani dattijo mai raba magani a asibitin, yana jin Turanci, ya yi karatun littattafansu na dā. Ya ce a ƙasarsu aka fara dafa ruwan rake har ya daskare. Mutanen Farisa suka karɓa daga gare su, da abin da sunan, Larabawa suka karɓa daga Farisa. Ya ce a tsohon harshensu sunan ba ya nufin zaƙi. Tsakuwa yake nufi, irin ƙanana na bakin rafi. Da suka ga ya daskare ya yi ƙwaya ƙwaya, sai suka kira shi da sunan abin da ya yi kama da shi."

Kofur Tanko ya ce gadonsa na kusa, da kunnensa ya ji, har ya ɗauka zazzaɓi ne ke sa Habu yi wa mai magani tambayar suga.

Aka aika aka nemo kwali, Hajo ta shiga dama kunu. To ni fa abokin ƙara ne, kuma zama da muhuti ya koya mani wani abu. Na gyara zama na ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana. Shaidu biyu ake bukata. Kofur ɗaya ne. Habu kuwa ɗanka ne, kuma kai ka koya mani cewa ba a karɓar shaidar ɗa don amfanin ubansa."

Hajo ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Sallau, in ka ƙara magana da wannan zan raba ka da sauran haƙoranka."

Malam Iro ya ce, "Ƙyale shi, Hajo. Gaskiya ya faɗa." Ya sunkuyar da kai. Wallahi a lokacin na so ƙasa ta buɗe, don na san mutumin, yana iya mai da kwalin. Can sai ya ɗago.

"Me na ce a zauren nan ranar da na rantse?"

Wani dattijo ya ce, "Ka ce na Larabawa ne tun fil azal."

"Na taɓa janyewa?"

Aka ce bai taɓa ba.

"To yaron nan ya tsallaka teku ya komo ya ce ba nasu ba ne. Ba don ni ya yi shaida ba, a kaina ya yi. Ɗa kuwa in ya ba da shaida a kan ubansa, ana karɓa, don ba a zarginsa da son kai. Shaidu sun cika. An kada ni. Ku kawo kunu."

Ban taɓa ganin wanda ya yi murnar faɗuwa a shari'a kamarsa ba. Ya ɗauki ƙwaya guda ya ɗora a tafin hannu, bai yi gaggawa ba, ya yi ta kallonta. Da ya yi magana kuma ba da mu yake ba.

"Tsakuwar bakin rafi. Ta tashi daga Indiya ta sauka Farisa, ta shiga hannun Larabawa. Nan ta haifi 'ya'ya biyu. Ɗaya ya bi raƙumi ya ratsa hamada ya iso mamu, muka ce sukari. Ɗayan ya shiga jirgin ruwa, ya zauna Italiya, ya zauna Faransa, ya zauna Ingila har sunansa ya gaje, ya kewayo ta Ikko ya hau lori. Ba su ƙara ganin juna ba tun rabuwarsu sai a Kusada, cikin ƙwaryar Hajo. Mu kuwa muna zaune, in mutum ya je Kano ya komo sai ya hana mu barci da labari. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tafiyar da ita."

Ni da na zo da shirin tsokana, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Shekara da shekaru ina auna abin nan ina jefawa a baki, ban taɓa sanin baƙo ne mai irin wannan tafiya ba.

Mun ɗauka zai jefa a kunu. Sai ya ce, "Matso, Habu." Ya kama haɓarsa da hannun hagu, ya sa mashi ƙwayar a baki da na dama, kamar yadda ake yi wa jariri da dabino. Wannan ne karo na farko da ya taɓa jikinsa tunda ya shigo, kuma hannun bai bar fuskar da wuri ba. Sannan ya ɗauki wasu, ban ƙirga ba amma tsiminsa bai halarci wurin ba, ya zuba a ƙwarya, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Da ya sauke, gemun ya jiƙe, kuma ba duka ne kunu ba.

Na ce, "Malam, kuka kake?"

Ya ce, "Hayaƙin Hajo ne. Itacenta ɗanye ne kullum."

Hajo kuwa ranar da karan dawa busasshe ta yi girki, amma ba ta musa ba.

Ya rayu bayan wannan har ya ga Turawa sun tattara sun koma, ya ga 'ya'yan Habu, wato wasunku. Su duka uku yanzu suna bayan gari kusa da juna, shi da Hajo da Habu, sun bar ni nan ba wanda zan tsokana ya rama. Allah ya jiƙan Malam Iro, ya yafe mashi kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya tsare rantsuwarsa ya jira ɗansa bai gaji ba, Allah ya sa ya tarar ana jiransa da alheri, ya shayar da shi abin da ya fi wannan zaƙi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.